Sunan Alcántara: Larabci ne, amma jikokin su wa ke ɗauke da shi?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan gida. Wata gardama ce ta sarƙe mana jiya bayan isha'i a majalisarmu, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai malamai. Hirar tsofaffin 'yan wasan tsakiya na ƙungiyar ƙwallon Barcelona ake yi, aka ambaci Thiago Alcántara. Sai wani dattijo da ke zama da mu, wanda ya yi shekaru yana karatu a Sudan, ya ce sunan nan Larabci ne tsantsa, kuma duk mai ɗauke da shi jikan Musulmin Andalus ne da aka tilasta wa barin addini. Rabin majalisa suka yarda, rabi suka ce sam. Ni dai maganar ta tsaya mini a rai, har na kwanta ina juya ta. Don Allah wanda ya san asalin sunan nan ya warware mana.

Mai Shayin Kwana: Wa alaikumus salam. Ai da jin “al” ɗin nan a farko ka san daga gidan Larabawa ya fito. Kamar alkalami, albasa, alkama.

Ɗalibin Zaure: Ina jin daga ayar nan ce ta Ali Imrana, “wal ƙanaɗiril muƙanɗarati minaz zahabi wal fidda”. Wato tarin dukiya. Ƙila kakansu wani attajiri ne.

Malamin Larabci: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗalibi, ka kusa amma ba nan ba ne. Kalmomi biyu ne masu kama da juna. Akwai ƙinɗar, ma'aunin nauyi, jam'insa ƙanaɗir, shi ne ke cikin ayar da ka kawo. Wannan ma ya shiga harshen Sifaniya, suna cewa quintal. Sannan akwai ƙanɗara, wadda take nufin gada, musamman irin wadda aka gina da dutse aka lanƙwasa ƙarƙashinta, irin ginin da maginanmu ke kira bakan gizo. To Alcántara daga al-ƙanɗara ne, wato “gadar”. Kalmar tana cikin hadisin Abu Sa'idil Khudri a Bukhari, inda aka ce idan muminai suka tsira daga wuta za a tsayar da su a kan wata ƙanɗara tsakanin aljanna da wuta, a yi musu sakayyar zaluncin da ke tsakaninsu. Saboda haka dattijonku ya yi daidai a rabin farko na maganarsa. Rabin na biyu kuwa na masu tarihi ne, ba fagena ba ne.

Ɗalibin Zaure: Allah ya gafarta malam, na karɓi gyara. Allah ya ƙara sani.

Jikan Alƙali: To ai magana ta ƙare tunda Malam ya tabbatar. Ku gaya mini, Kirista Bature zai kwana ya tashi ya raɗa wa zuri'arsa sunan Larabci haka kawai? Musulmi sun shiga ƙasar nan a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, ba a karɓe Garnaɗa ba sai 1492. Kusan shekara ɗari takwas ke nan. Bayan nan aka ce musu ko baftisma ko ficewa. Waɗanda suka zauna suka ɓoye imaninsu a zuci, sunan nan shi kaɗai ya rage musu. Ni duk lokacin da na ga Alcántara ko Medina ko Alcalá a bayan rigar ɗan ƙwallo, wallahi sai in ji ƙwalla ta taru mini. Jininmu ne aka raba mu da shi.

Malama Mai Tarihi: Yaya Jikan Alƙali, abin da ke damunka yana damuna, kuma zaluncin da ka ambata ya faru, babu mai musu. Amma sunan nan ba ta wannan hanyar ya zo ba. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Alcántara sunan gari ne kafin ya zama sunan mutum. Garin yana lardin Cáceres a yankin Extremadura, yammacin Sifaniya, dab da iyakar Fotugal, a bakin kogin Tajo. Gadar da aka sa wa garin sunanta kuwa ba Larabawa suka gina ta ba. Rumawa ne, tsakanin shekarar 104 da 106 miladiyya, zamanin sarkinsu Trajan, kuma sunan maginin Caius Julius Lacer. Wato gadar ta riga shigar Ɗariƙu da shekara ɗari shida. Da Musulmi suka zo suka tarar da ita, abin ya burge su har suka riƙa kiran wurin da “gadar” kawai, kamar babu wata. Malamin labarin ƙasa Al-Idrisi ya ambace ta da Ƙanɗaratus Saif, gadar takobi.

Garin ya zauna a hannun Musulmi kusan shekara ɗari biyar. A 1213 Alfonso na 9, sarkin León, ya ci shi da yaƙi. A 1218 aka damƙa shi ga wata rundunar mayaƙan coci, waɗanda suka yi alwashin tsare iyaka da yaƙar Musulmi. Da suka tare a garin sai suka bar tsohon sunansu suka koma Rundunar Alcántara, tambarinsu koren gicciye. Ka ga ke nan, mutanen da sana'arsu ita ce yaƙar Musulmin Andalus su ma sunan nan na Larabci suke amsawa, suna alfahari da shi. Ba don suna son Larabci ba, sai don haka aka san garin.

To daga nan, duk wanda ya bar garin ya je wani wuri sai a ce masa wane “de Alcántara”, wato wane na Alcántara. A hankali 'ya'ya da jikoki suka gāji laƙabin, ko da ba su taɓa ganin gadar ba.

Mai Shayin Kwana: Au, ashe irin namu ne. Malam Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Tafawa Ɓalewa.

Malama Mai Tarihi: Sak. Kuma ka lura, sunan garin ba ya gaya maka ƙabilar mutum. Shagari Bafulatani ne. Wani misalin da ba na jin daɗin kawowa, amma ya fi kowanne fito da maganar fili: sojan nan da ya jagoranci kisan Sardauna a Janairun 1966 yana da Kaduna a cikin sunansa, don a can aka haife shi. Wa zai ce sunan ya mai da shi Bahaushe?

Jikan Alƙali: Malama, wannan misalin ya yi mini ɗaci, a bar shi. Amma na fahimci inda kika dosa. Sai dai ina da tambaya: su mutanen garin da suka zauna shekara ɗari biyar ƙarƙashin Musulunci, ƙasa ce ta haɗiye su? Ba daga cikinsu masu sunan suka fito ba?

Malama Mai Tarihi: Zai yiwu wasu daga cikinsu ne, ban hana ba. Abin da nake cewa shi ne sunan shi kaɗai ba ya zama hujja. Bayan cin garin an kawo Kiristoci daga arewa an zaunar, wasu Musulmi sun ci gaba da zama a ƙarƙashinsu, akwai kuma Yahudawa. Kowanne daga cikin ukun nan idan ya yi ƙaura zai iya zama “na Alcántara”. In kana son sanin wane ne kakan wani, sai ka bi rajistar baftisma da ta aure ta gidansu ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsaya a bayan riga ba.

Bakatsine a Sifaniya: Salamu alaikum. Yanzu na taso daga aiki na tarar da wannan hirar, kuma ta zo inda nake. Shekarata bakwai a ƙasar nan. Akwai damunar da na yi aikin tsinkar ceri a kwarin Jerte, cikin lardin Cáceres ɗin da Malama ta ambata. Da aka gama kaka, wani abokin aikina ɗan Maroko ya ce lallai sai mun je mun ga gadar nan, muka shiga motarsa.

Jama'a, hoto ba ya nuna ta. Garin yana kan tudu, sai ka gangaro ta wata hanya mai lanƙwasa, kwatsam sai ga ta a gabanka ta haɗa gaɓa biyu na wani kwazazzabo mai zurfi. Bakan gizo shida gare ta, na tsakiya biyun sun fi faɗi, tsawonta ya haura mita 180. Na dafa dutsen da hannuna: manyan tubalan dutse ne da aka sassaƙa, kowanne ya fi buhun hatsi biyar girma, an jera su sun zauna daram, rana ta gasa su har suna ƙona tafin hannu. A tsakiyar gadar akwai wata ƙofa doguwa da rubutun Latin a samanta. Na leƙa ƙasa sai da jiri ya ɗebe ni, ruwan yana can nesa, kore shar, ba ya ko motsi saboda madatsar ruwan da aka gina a sama da ita. A bakin gadar akwai wani ɗan ɗakin bauta na Rumawa, ƙarami kamar zauren gidan talaka, a nan aka rubuta sunan maginin da cewa ya gina gadar da za ta dawwama muddin duniya na nan. Lokacin da muka je motoci suna bi ta kanta kamar ba komai.

Abokina ya tsaya ya yi shiru, can ya ce mini da Larabcinsu, “ƙanɗara dai, har yau haka muke cewa a gida.” Wata tsohuwa da ke sayar da ruwan sanyi a kusa ta ji mu, na tambaye ta ko ta san ma'anar sunan garinsu. Ta ce kowane yaro a garin ya sani, “el puente” ne, wato gada, da harshen Larabawa. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma ɗauke shi wani abin mamaki ba.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri, Yaya Bakatsine, kamar ina wurin. To shi Thiago daga garin nan iyayensa suke?

Bakatsine a Sifaniya: A'a ƙanena, nan ne ma labarin ya ƙara nisa. Thiago a Italiya aka haife shi a 1991, lokacin babansa yana buga wa Lecce. Baban shi ne Mazinho, ɗan Brazil, yana cikin waɗanda suka ci kofin duniya a 1994, kuma sunan danginsa do Nascimento. Alcântara ɗin na mahaifiyarsa ne, Valéria, wadda ta yi wasan ƙwallon raga, ita ma 'yar Brazil. Shi ya sa cikakken sunansa Thiago Alcântara do Nascimento. A tsarin Fotugal da Brazil sunan dangin uwa ke fara zuwa, na uba ya zo ƙarshe. A Sifaniya kuwa akasin haka aka saba, na uba sannan na uwa. Thiago ya buga wa Sifaniya, ƙanensa Rafinha ya zaɓi Brazil, ciki ɗaya.

Uwar Biyu: Tsaya Malam Bakatsine, wato mutum yana ɗaukar sunan gidan mahaifiyarsa a takarda? Ita matar fa idan ta yi aure?

Bakatsine a Sifaniya: Hajiya, kowa a nan sunan dangi biyu gare shi. Sergio Ramos García: Ramos na uba, García na uwa. Andrés Iniesta Luján haka, kuma Iniesta ɗin ma sunan wani gari ne a lardin Cuenca. Mace ba ta canza sunanta don ta yi aure, da na gidansu ake binne ta. Tun 1999 doka ta ba iyaye dama su sa na uwa a gaba in sun so. Yaron nan na Barcelona da kowa ke kira Lamine Yamal, duka biyun sunan yanka ne. Sunayen danginsa Nasraoui na babansa ɗan Maroko, da Ebana na mamarsa 'yar Equatorial Guinea.

Ni wannan tsarin ya taɓa wahalar da ni. Ranar da na je wani ofishi neman katin zama, fom ɗin yana da gurbi biyu na sunan dangi. Na rubuta sunan mahaifina a na farko, na bar na biyu. Ma'aikaciyar ta ce ina sunan dangin mahaifiyata? Na tsaya ina kallonta. Mu da ko sunan yankan uwa ba ma furtawa a bainar jama'a, balle a ce wai gidansu yana da wani suna guda da kowa ke amsawa. Na yi ta bayani da guntun Sifaniyancina, daga ƙarshe ta ja layi a gurbin. Amma a wata takardar wani ya ɗauki sunana na tsakiya ya mai da shi sunan dangi, takardu biyu suka saɓa, sai da na yi wata huɗu ina zarya kafin a daidaita.

Uwar Biyu: Allah sarki, sannu. Amma ni kam batun mace ta riƙe sunan ubanta ya yi mini. Ai shi ne ma koyarwar addini, “ud'uhum li aba'ihim”. Mu ne nan muka ara wa kanmu ɗabi'ar Ingila, yarinya ta yi aure yau gobe ta goge sunan mahaifinta a takardun aiki ta sa na miji.

Malamin Larabci: Hajiya ta faɗi gaskiya, ayar tana cikin Ahzab. Amma kada mu saki zaren, a koma kan yadda sunan ya tsallaka teku zuwa Brazil.

Malama Mai Tarihi: Allah ya gafarta malam, hanya ta fi ɗaya. Akwai unguwa a Lisbon mai suna Alcântara, ita ma daga wata tsohuwar gada ta samo shi. Akwai kuma garin Alcântara a jihar Maranhão ta Brazil, inda yanzu suke da tashar harba roka. Amma babbar hanyar da ta yaɗa sunan ita ce ta wani mutum guda. A 1499 aka haifi wani yaro a garin gadar nan, ya girma ya shiga ɗariƙar Faransiskan ta masu gudun duniya, aka san shi da Pedro de Alcántara. Ya shahara da tsananin azumi da ƙarancin barci, ya rasu a 1562, cocin Katolika ta ayyana shi waliyyi a 1669. Daga nan iyaye Katolika suka riƙa raɗa wa 'ya'yansu “Pedro de Alcántara” gaba ɗaya a matsayin sunan yanka, kamar yadda mu muke sa wa yaro Tijjani ko Jilani ko Bukhari. Ka ga Bukhari ma nisba ce ta garin Bukhara, amma Malam Buhari na unguwarku bai haɗa jini da mutanen Uzbekistan ba. Sarkin da ya ayyana 'yancin Brazil a 1822 sunansa Pedro de Alcântara, ɗansa da ya yi mulki har 1889 shi ma haka, kuma waliyyin nan aka ɗauka a matsayin majiɓincin ƙasar. Ga kuma bayin da aka kwaso daga Afirka, da yawa sun tashi da sunan iyayengijinsu ko na wani waliyyi da aka laƙaba musu ranar baftisma.

Mai Shayin Kwana: Wannan misalin na Buhari ya shige ni. Ban taɓa kawo shi a raina ba.

Jikan Alƙali: Na ji duk wannan, kuma ba zan yi gardamar abin da ban sani ba. Amma har yanzu akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. In mun ce masu sunan Larabci ba lallai jikokin Musulmi ba ne, to ina jikokin Musulmin? Miliyoyin mutane ba sa ɓacewa kamar hayaƙi. Tsorona shi ne irin wannan bayanin ya zama hanyar share su daga tarihi karo na biyu.

Malama Mai Tarihi: Yaya, wannan tambayar ita ce gaskiyar zancen, kuma amsarta ta fi abin da dattijon Ɗan Fagge ya faɗa ciwo. Sunan Larabci shi ne abu na farko da aka ƙwace musu. Bayan tilasta baftisma a Castilla a 1502, da yankin Aragon da Valencia a wajajen 1526, kowa aka ba shi sunan Kirista. A 1567 sarki Felipe na 2 ya fito da doka ta haramta magana da rubutu da Larabci, da tufafinsu, da sunayensu. Ga kotun binciken aƙida tana sa ido a kan wanda ba ya cin naman alade ko yake wanka ranar Juma'a. A irin wannan hali wa zai rataya wa ɗansa sunan da zai tona shi? Sunan da ya fi kowanne zama gama-gari shi ne mafaka: García, López, Fernández, Torres.

Dokar nan ce ta tayar da boren duwatsun Alpujarras daga 1568 zuwa 1571. Wanda suka naɗa shugaba a takarda sunansa Fernando de Córdoba y Válor. Abu na farko da ya yi shi ne ya ajiye wannan ya koma Muhammad bin Umayya. Daga ƙarshe, tsakanin 1609 da 1614, Felipe na 3 ya kori kimanin mutum 300,000 daga ƙasar, alhali a takarda duk Kiristoci ne.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, bari in sa baki a nan don na ga ƙarshen labarin da idona. A Rabat na yi karatu. Akwai tsofaffin gidaje masu daraja a garin da sunayensu ba su yi kama da na Larabawa ko na Abzinawan can ba: Bargach, Mouline, da irinsu. Da na tambaya aka ce mini Bargach shi ne Vargas, Mouline kuma Molina. Kakanninsu korarrun nan ne. Da yawansu daga wani gari suke mai suna Hornachos, wanda yake cikin Extremadura ɗin nan da gadar take. Suka zauna a ƙasbar bakin kogi, har suka kafa 'yar jamhuriyarsu a shekarun 1620. A Tetuwan kuma akwai gidan Torres. Abdulkhaliƙ Torres yana cikin manyan 'yan gwagwarmayar neman 'yancin Maroko. Mutane ne masu salla da azumi, wasunsu malamai, sunansu kuwa irin na Fernando Torres.

Saboda haka Malam Jikan Alƙali, in jikokin Andalus kake nema waɗanda babu shakka a kansu, suna Rabat da Tetuwan da Fas da garin Testur na Tunisiya, kuma da yawansu sunan Sifaniyanci suke amsawa.

Jikan Alƙali: Inna lillahi. Wato abin juyewa ya yi: mai gicciye yana amsa al-ƙanɗara, mai salla yana amsa Torres. Wallahi ban san wannan ba. Kuma a 2015 Sifaniya ta yi dokar ba jikokin Yahudawan da ta kora a 1492 takardar zama 'yan ƙasa, amma ba ta haɗa da waɗannan ba. Wannan kam na sani, kuma yana ƙona mini rai.

Sai dai Malama, ba zan sallama gaba ɗaya ba. Akwai sunaye irin su Benjumea. Wannan ba gada ba ce, ba gari ba ne, “bin Umayya” ne ƙarara. Shi ma za ki ce mini daga waliyyi ya zo?

Malama Mai Tarihi: A'a, a nan kana da ƙafar tsayawa. Sunayen da suka fito daga “ibn” ko “banu” aji ne daban, domin suna nuni ga mutum ne, ba ga wuri ba, sun fi kusa da abin da kake nema. Kuma tarihi ya san gidajen da suka zauna: wani ɗan gidan sarautar Garnaɗa, Sidi Yahya an-Nayyar, ya karɓi baftisma ya zama Pedro de Granada, zuri'arsa ta Granada Venegas ta shiga cikin manyan masu sarautar Sifaniya. Ƙananan yara da yawa ma an bar su a hannun iyalan Kirista lokacin korar, wasu korarrun kuma sun sulale sun dawo. Jinin yana nan cikin mutanen ƙasar. Abin da na ƙi shi ne a tsaya a kan Alcántara, Medina, Alcalá, Almodóvar a ce ga su nan. Waɗannan duk sunayen wurare ne: gada, birni, ganuwa, wuri mai kewaye. Sun shaida cewa Larabci ya zauna a ƙasar har ya raɗa wa tudu da kogi suna, shi ke nan iyakar shaidarsu.

Ɗalibin Zaure: Malama, su kuma masu “ez” a ƙarshe fa? Rodríguez, Martínez, Pérez, sun cika ƙwallo.

Malama Mai Tarihi: Wannan mai sauƙi ne, “ɗan” ne irin namu na Ɗanfodiyo da Ɗantata, sai dai su a ƙarshe suke sa shi. Martínez ɗan Martín, González ɗan Gonzalo, Pérez ɗan Pedro, Rodríguez ɗan Rodrigo. Rodrigo kuwa shi ne sunan sarkin da Ɗariƙu ya ci da yaƙi a 711, wanda littattafan Larabci ke kira Luzariƙ. Da can kowane ɗa da sunan ubansa ake kiransa, daga baya abin ya daskare ya zama na gado.

Malamin Larabci: Bari in ƙara wani abu da zai yi wa Jikan Alƙali daɗi, tunda sunansa ne. Kalmar al-ƙadi ta bi hanya biyu. Ta ratso Sahara ta zo mana muka ce alƙali. Ta tsallaka ruwa ta shiga Sifaniya suka ce alcalde, kuma har gobe haka suke kiran magajin gari, har akwai masu amsa shi a matsayin sunan dangi. Mu da su duka mun haɗiye “al” ɗin cikin kalmar, mun mance cewa harafin ta'arifi ne. Shi ya sa suke cewa “el alcalde”, a Toledo ma akwai wata gada da suke kira Puente de Alcántara, wato gadar gada.

Bakatsine a Sifaniya: Haka ne Malam. Zaitun ma aceituna suke cewa, sukari azúcar. In za su yi fatan wani abu sai ka ji sun ce ojalá, har da sunan Allah a ciki, kuma wanda bai taɓa shiga masallaci ba shi ma haka yake faɗa. Farkon zuwana duk lokacin da na ji sai gabana ya faɗi.

Ɗan Damagaram: Ga ƙarin hujja ga maganar Malama daga wani ɓangaren duniya. A 1849 gwamnan Sifaniya a Filifin, Narciso Clavería, ya sa aka buga kundin sunayen dangi aka rarraba wa garuruwa, kowane gida ya ɗauki ɗaya, don a ji daɗin karɓar haraji da ƙidaya. Shi ya sa za ka ga Bafilifine da sunan Sifaniya alhali babu Bature ko ɗaya a kakanninsa. In suna jini ne, to su kuma a wane layi za mu sa su?

Jikan Alƙali: Na yarda da batun Alcántara. Amma ku ma ku yarda da ni a kan abu guda: da ba a yi ƙarni takwas ana kiran salla a ƙasar nan ba, da garin can wani suna yake amsawa, da Thiago ma wani sunan ne a bayan rigarsa. Ni wannan ya ishe ni in riƙa jin wani abu in na gan shi.

Malama Mai Tarihi: Wannan kam ban da ja, Yaya. Ni ma ina ji.

Ɗan Fagge: Na karanta wa dattijonmu duk abin da aka rubuta yau bayan la'asar, tun daga hadisin da Malam ya kawo har zuwa batun Rabat. Ya yi shiru ya daɗe. Da na zo kan Torres na Tetuwan sai ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce a Omdurman ya zauna da wani malami ɗan Maroko mai wani suna da bai taɓa gane kansa ba, yanzu yana zargin irin waɗannan ne, zai binciko tsofaffin wasiƙunsa ya duba yadda ake rubuta shi. Ya kuma ce a roƙi Bakatsine, in yana da hoton gadar nan ya turo, yana so ya ga abin da ya sa mutanen da suka gina masallacin Ƙurɗuba suka tsaya suna kiran ginin wasu “gadar”.

Bakatsine a Sifaniya: Ka gaishe mini da Baba da kyau. Hotunan suna cikin tsohuwar wayata, gilashinta ya fashe amma tana kamawa. Gobe Lahadi ba ni da aiki, zan sa ta a caji in turo, har da na ɗan ɗakin da sunan maginin yake.